Daga Fas zuwa Marrakesh da mota: a zagaya ta Sijilmasa ko a miƙe?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san Maroko. Mahaifinmu ya daɗe da burin ziyartar Shehu Tijjani a Fas, bana Allah ya hore, ni da ƙanena za mu kai shi tare da Hajiya. Na ce tunda an riga an kashe kuɗin jirgi, kada a tsaya Fas kaɗai. Ga tsarina: mu sauka Kazablanka, mu ɗauki hayar mota, mu bi Rabat, Miknas, Fas. Daga nan mu tsallaka duwatsun Atlas mu gangara Risani inda kufan Sijilmasa yake, mu zagayo ta Warzazat mu shiga Marrakesh, sannan mu koma Kazablanka. Kwana goma muke da su. Alhaji ya haura saba'in, yana fama da gwiwa amma yana takawa da sandarsa. Ƙanena ya ce wahala nake nema mana, mu hau jirgin ƙasa kawai. Wa ke da gaskiya?

Ɗalibin Fas: Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya kawo ku lafiya. Ko wa ya ci gardamar nan, motar dai ba za ta kai ku ƙofar zawiya ba. Tsohon garin Fas mota ba ta shiga. Lunguna ne, wani idan ka buɗe hannuwanka za ka taɓa bango da bango, kaya kuwa alfadarai da masu kura ke ɗauka. Da ka ji an ce "balak" a bayanka ka manne da gini, alfadari ne tafe da tukwanen gas. Yawancin baƙi ta ƙofar Bab Bujlud suke shiga su gangara ta layin Ɗala'a Kabira. Gangarawar da daɗi, amma komawa hawa ne zalla, gwiwar Baba ba za ta ɗauka ba. Ku ce wa mai tasi ya sauke ku a dandalin Rasif, daga can zawiyar ba nisa. Kuma jajayen tasin nan mutum uku kaɗai suke ɗauka, ku huɗu sai biyu.

Direban Zango: Alhaji ƙarami, bari in yi maka lissafin direba. Kazablanka zuwa Rabat kilomita 90, Rabat zuwa Miknas wajen 150, Miknas zuwa Fas 60. Duk babbar hanya ce ta biyan kuɗi, an yarda ka taka har 120, ko shayi ka ɗora a gaban mota ba zai zube ba. Wannan ɓangaren ba shi da matsala, kuma jirgin ƙasa ma yana bin duk garuruwan nan. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan Fas. Fas zuwa Risani ya haura kilomita 400, hanya ɗaya ce mai kwana-kwana a kan dutse, awa bakwai zuwa takwas in ba ka tsaya ba. Risani zuwa Warzazat sama da 300. Warzazat zuwa Marrakesh 200 ne a takarda, amma sai ka hau Tishka, mashigin da hanya ke tsallake duwatsun Atlas, tsayinsa mita 2,260, awa huɗu za ta ci. Kwana uku ke nan dattijo na naɗe a kujerar baya. Ƙanenka ya fi ka tausayin tsoho.

Malam Na Soro: Direba ya faɗi nisan hanya, bai faɗi abin da ke ƙarshenta ba. Sijilmasa ba ƙaramin wuri ba ne a tarihinmu. An kafa ta a shekarar 757, kuma ɗaruruwan shekaru ita ce tashar ƙarshe kafin ayari ya faɗa Sahara. Zinariyar ƙasashen baƙar fata ta nan take shiga, gishiri da tufafi da littattafai ta nan suke fitowa. Daga nan matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya tashi a 1352, ya yi kwana 25 kafin ya kai Tagaza, garin da ya ce gidajensa da masallacinsa da gishiri aka gina su. A hanyarsa ta komawa ya biyo ta Takadda, a yankin Agadas na yau, har ya ambaci inda ake kai tagullarta: Barno, da wani gari da masana da yawa suka ce Gobir ce. Wanda ya je Fas ya dawo bai ga ƙofar da ilimin Fas ya bi ya zo mana ba, ya ga rabin labari.

Maman Ilham: Allah gafarta Malam, kun taɓa zuwa wajen?

Malam Na Soro: A littafi na je, Hajiya.

Maman Ilham: To ni na je da ƙafata, kuma gani ya kori ji. Maigida ne ya matsa, shi ma irin karatunku ya yi. Muka isa da la'asar sakaliya, muka yi ta tambayar mutane, wani yaro a kan keke ya nuna mana fili a gefen gari. Guntayen katangun laka ne suka zaizaye, kamar ragowar badalar Kano inda ruwan sama ya cinye ta. Ba mai gadi, ba mai yi maka bayani, yara na buga ƙwallo a gefe. Maigida ya tsaya yana ta jinjina kai, ni kuwa ina lissafin kuɗin man da muka ƙona. Amma fa in faɗi gaskiya, hanyar ta biya kuɗinta. Bayan Rashidiyya akwai inda za ka tsaya a saman tudu ka leƙa kwarin Ziz: hagu da dama jan dutse ƙeƙasasshe, a tsakiya kuma dabino kore shar ya miƙe iya ganinka. A bakin titi tsofaffi na sayar da dabinon majhul a kwali, ɗaya ya kusa cika tafin hannun Ilham.

Baban Khalifa: Hajiya kin ƙara rikita ni. Kin ce ba komai, kin kuma ce ya biya kuɗinsa.

Maman Ilham: Ga mai ƙarfin jiki ya biya. Surukata da muka ɗauka ba ta sake yi mana magana ba sai a Marrakesh.

Abu Sumayya: Ni tambayata daban ce. Hadisi ya tabbata cewa ba a ɗaura sirdi domin ibada sai zuwa masallatai uku: na Makka, na Madina, da na Ƙudus. Wannan kuɗin da za a kashe a kai dattijo kabari, me zai hana a kai shi Umara?

Baban Khalifa: Ya yi Hajji, ya yi Umara, Malam Abu Sumayya. Wannan burinsa ne, ni kuma ɗa ne.

Malam Na Soro: Malamai sun yi bayanin hadisin nan tun kafin a haifi kakanninmu, kuma ba su haɗu a kan fahimta ɗaya ba. In kana so mu buɗe littattafai, bismillah, amma ba a nan ba.

Abu Sumayya: A nan ɗin dai, tunda a nan aka kawo maganar.

Admin: Malamai, a yi haƙuri. Dokar gidan nan ta hana muhawarar aƙida, kowa ya san inda take kai mu. Bawan Allah ya tambayi hanya, a ba shi hanya. Wanda ya sake komawa can zan goge.

Abu Sumayya: Na ji. Na dai faɗi abin da ke wuyana. Tunda tafiyar za a yi, ku shiga masallacin Ƙarawiyyin ku yi salla, wannan ba wanda zai yi muku gardama a kai.

Ɗalibin Fas: Wannan kam dole. Wata baiwar Allah, Faɗimatul Fihriyya, ita ta gina shi a 859 da dukiyar gadonta, kuma daga zawiyar Shehu tafiyar 'yan mintuna ce. Ku daidaita lokaci, domin masallatai a nan ana rufe su tsakanin salloli. Abin da nake so Baba ya gani shi ne bayan Magariba. Liman da mamu za su zauna su karanta izu guda baki ɗaya, da Warash, murya ɗaya. Gobe da asuba su ɗora na gaba, a wata su sauke. Ranar farko da na zauna a ciki wani tsoho ya miƙo min Alƙur'ani, na buɗe sai ga fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, irin rubutun da muka yi a allo. Na bi su ba tare da tuntuɓe ba, tsohon yana ta satar kallona. Sannan ku tsara Juma'a ta same ku a Fas. Bayan La'asar ake zikirin Juma'a a zawiya har faɗuwar rana, za ku ga 'yan Senegal da Mali da mutanenmu cike da wurin. Shehu ya zauna a garin nan daga 1798 har rasuwarsa a 1815, kuma a cikin zawiyar aka binne shi.

Malam Na Soro: Ka ƙara masa da cewa mai Ajrumiyya, wadda duk ɗan makarantar zaure ya fara nahawu da ita, mutumin Fas ne, can ya rasu a 1323. Ibnu Ashir, malamin fiƙihu, shi ma can yake.

Hajiya Turai: Ni abin da ke raina daban. Yaya suke da baƙar fata? Na ji labarai marasa daɗi, kada a kai tsofaffi inda za a wulaƙanta su.

Ɗalibin Fas: Anti, ba zan ce babu ba. Akwai yaran unguwa da za su jefo maka kalma, akwai mai gidan haya da zai ga fuskarka ya ce ɗaki ya ƙare, musamman a manyan garuruwa inda 'yan ci-rani masu neman tsallakawa Turai suka yi yawa. Amma dattijo da babbar riga da carbi a tsohon garin Fas, da wuya. Sun san baƙin Shehu, "Alhaji, Alhaji" za su yi ta yi masa, wani don girmamawa, wani don ya sayar masa da darduma. Waɗanda za ku yi hattara da su su ne samarin da za su ce hanyar gabanku a rufe take, su ja ku shagon ɗan'uwansu.

Malam Na Soro: Tambayar Hajiya tana da tsohon tushe, kuma garuruwa biyu a cikin tafiyar nan suna ɗauke da shi. A Miknas za a nuna muku ƙofar Bab Mansur da rumbunan Sarki Maulaya Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727. Abin da mai rakiya ba lalle ya faɗa ba shi ne, sarkin nan ya tattara baƙaƙen fatar ƙasar, har da 'ya'ya waɗanda ba bayi ba, ya mai da su rundunarsa, aka rantsar da su a kan Sahihul Bukhari. Malaman Fas da dama suka ce haramun ne, ɗaya daga cikinsu, Abdussalam Jassus, ransa ya bayar a kan haka. A Marrakesh kuma za ku ga kangon fadar Badi ta Ahmadul Mansur, wanda ya tura runduna ta rusa daular Songhai a Tondibi a 1591. A 1594 aka kwaso malaman Tambutu cikin mari aka kawo su garin, cikinsu har da Ahmad Baba, wanda ya ce an wawashe masa littattafai 1,600. Da aka sassauta masa ya zauna yana karantarwa, alƙalan garin suna zuwa ɗaukar karatu a gabansa, sai bayan mutuwar Mansur ya samu komawa gida. Shi ne kuma ya yi fatawar cewa mutanen Kano da Katsina da Barno Musulmi ne, bai halatta a bautar da su ba. Idan kun tsaya a filin Badi kuna ɗaukar hoton shamuwa a kan katanga, ku tuna da shi.

Hajiya Turai: Ikon Allah. Wannan ba a koya mana a makaranta ba.

Ɗan Damagaram: Sannunku da hira. Ni ina zuwa sarin kaya Kazablanka. Mu masu fasfon Nijar ba ma neman biza, ku na Nijeriya kuwa sai da ita, to ka fara da wannan kafin ka zana taswira. Na biyu, mutane na ta cewa Maroko ƙasar Larabawa ce. Da ka bar Fas ka nufi kudu, yawancin waɗanda za ka tarar Amazig ne, dangin Buzayenmu. Tun 2011 harshensu ya zama na hukuma, za ka ga allunan ofisoshi da rubutun Tifinag, irin wanda muke gani a Agadas. Larabcin kasuwarsu kuma ko Malam Na Soro sai ya ce a maimaita. Faransanci ya fi saurin fitar da mutum. Amma don Allah kada a ja ka Marzuga a ce ka biya kuɗi ka hau raƙumi ka kalli yashi. In yashi kake so ka zo in kai ka Tanut kyauta.

Direban Zango: Hahaha. Ɗan Damagaram, ashe ba a iya tasowa da mota tun daga gida? Kano, Zinder, Agadas, Tamanrasat, a ɓulla?

Ɗan Damagaram: Ko ka tsira da hamada ka shiga Aljeriya, nan za ka tsaya. Iyakar Aljeriya da Maroko a rufe take tun 1994. Hanyar da manyan motoci ke bi ita ce ta bakin teku: Dakar, a haye kogin Senegal, Nuwakshot, Nuwadibu, a shiga ta Gargarat, Dakhla, Agadir. Kafin ka kai Dakar kuwa sai ka ratsa inda kowa ya san halin tsaron da ake ciki. Bar wannan mafarkin, Direba.

Baban Khalifa: Biza tana hannu insha Allahu. Batun hayar motar fa, me zan sani?

Ɗan Damagaram: Za su riƙe kuɗin jingina a katinka na banki, masu yawa, sai ka maido mota lafiya su saki, saboda haka ka tabbata katinka yana aiki a waje. Ka zo da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Kafin ka karɓi makulli ka zagaya motar da waya kana bidiyo, kowane ƙwarzane ka nuna, har tayar safaya. Ka tambaya fetur take sha ko gas, wato dizal, da yawansu gas ne. A hanya, jandarmomi suna laɓewa da na'urar auna gudu a mashigar gari: daga 100 allo zai ce 80, ya ce 60, wanda bai sauke ƙafa ba zai biya tara nan take a ba shi rasit. In ka ga allon tsayawa a shinge, ka tsaya cak sai an yi maka hannu. Duk inda ka ajiye mota kuma wani mai riga mai ƙyalli zai ɓullo, ka ba shi 'yan dirhami, aikinsa ke nan. 

Direban Zango: Tambaya ɗaya. Yawancin motocin haya a can Dacia ne masu giyar hannu. Ka iya?

Baban Khalifa: Otomatik nake ja. Ƙanena ne ya iya.

Direban Zango: To ashe shawara ba a hannunka take ba. Ka je ka lallashi mai ƙafar kulochi.

Maman Ilham: Wane wata za ku tafi? Wannan ya fi komai. Yuli da Agusta kudu wuta ce, zafi yana haura 45. Disamba zuwa Fabrairu kuma ƙanƙara na rufe hanyar Ifran zuwa Midalt, wadda za ku bi daga Fas zuwa Risani, da Tishka, a sa shinge a hana wucewa. Mu a Afrilu muka je, duk da haka a Ifran sai da na naɗe yara da bargo. Kusa da Azru kuma birai suka tare mu a cikin daji, ɗaya ya fizge ledar gyaɗa daga hannun maigida.

Baban Khalifa: Oktoba muke sa rai.

Maman Ilham: Kun dace, lokacin girbin dabino ne.

Hajiya Turai: Girgizar ƙasar nan fa, ba ta lalata hanyar ba?

Ɗalibin Fas: Ta 8 ga Satumba 2023 ke nan, wadda ta kashe mutum kusan 3,000. Ƙauyukan kan dutse na kudu da Marrakesh ta fi yi wa ɓarna, har da tsohon masallacin Tinmal. Hanyar Tishka ana bin ta, motocin fasinja na hawa kullum.

Baban Khalifa: Jama'a na gode. Na karanta wa Alhaji duk abin da kuka rubuta bayan Isha'i. Ya yi dariyar surukar Maman Ilham har da tari. Ya ce shi abu biyu ya sani: Juma'a a zawiyar Shehu, da kabarin Alƙali Iyal a Marrakesh, domin shekara da shekaru yana zaman karatun Ashafa duk azumi bai taɓa sanin inda mai littafin yake kwance ba. Katangar laka kuwa ya ce ya ga ta ishe shi a Ƙofar Na'isa. Don haka su da Hajiya za su yi zamansu a Fas, su hau jirgin ƙasa zuwa Marrakesh. Ni da ƙanena mu ɗauki mota daga Fas mu zagaya ta kudu mu same su. Ƙanen nawa ya yarda, da sharaɗin ni zan sayi mai. Saura wanda zai raka tsofaffi a jirgi.

Malam Na Soro: Madalla da Alhaji. Alƙali Iyal ya rasu a 1149, kabarinsa na kusa da Bab Ailan. Yana cikin waliyyai bakwai na garin, tare da Imam Jazuli mai Dala'ilu da Imam Suhaili. In gwiwa ta ƙi, a tsaya a kan biyun farko. Ku kuma in kun isa Sijilmasa ku turo min hoto, ko na yaran da ke ƙwallon ne.

Direban Zango: Kada ku hau Tishka da dare, kuma kada ku ci ku ƙoshi kafin ku hau.

Ɗalibin Fas: Rakiya kuwa ni zan yi, Yaya, in ya faɗo ƙarshen mako. Jirgin yana bi ta Rabat da Kazablanka, wajen awa bakwai ne, za mu yanki tikitin aji na ɗaya saboda kujera mai lamba, Baba ya miƙe ƙafarsa. Masauki kuma ku nemi mai ɗaki a ƙasa, domin tsofaffin gidajen nan matakalarsu a tsaye take. Ku gaya wa Hajiya abincinsu ba yaji, shayinsu kuma sukari ne zalla, in Baba na da ciwon suga sai an faɗa tun kafin a haɗa.

Baban Khalifa: Allah ya yi maka albarka, ƙanena. Me za mu taho maka da shi?

Ɗalibin Fas: Kuka, daddawa, da yajin ƙuli mai yawa. Mu shida ne a ɗakin.